Wutar Da Aka Bar Wa Othniel

Malmo, Suwidin
Litinin

Zuwa ga Yayana Abdulhafiz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da ciwon gwiwarta, da Yaya Nana Hafsat da yara, da iyalina da na bari a hannunka. Ni ma ina nan, sai gajiyar aikin da ba ya ƙarewa.

Na rubuta da biro na ɗauki hoto na turo maka ne saboda ka daina ɗaga wayata. Takarda dai ba za ka iya katse ta ba.

Jiya ina hutun cin abinci a gidan tsofaffin da nake aiki, sai wani ya turo bidiyo a zauren 'yan Zariya mazauna Turai. An rubuta wai ga wani Kirista yana ƙona Alƙur'ani a Samaru. Na buɗe bidiyon, zuciyata tana tafasa. Sai na ga katangar bayan gidanmu. Na ga gwaibar Baba. Na ga Othniel kafinta na Muchiya, da ɗingishinsa, riƙe da guntun katako yana mayar da takardu cikin wuta.

Na kira matata Kaltume, ta ba ni labarin tana kuka. Ta ce ruwan sama ne ya yaye kwanon ɗakin littattafan marigayi Baba, ka kira Othniel ya gyara, kamar yadda Baba ke kiransa tun muna yara. Da kuka buɗe akwatunan kuka tarar gara da danshi sun cinye wasu, har da tsoffin warƙoƙin Alƙur'ani da ba sa karantuwa. Ka ware su ka yi abin da Baba ya koya mana: a ƙona a wuri mai tsarki, a binne tokar, don kada a taka. Kai ka ƙyasta ashanar, Yaya. Aka kira azahar, iska ta taso, ka ce wa Othniel ya tsare maka wutar kada takardun su tashi su faɗa kwata. Ka tafi masallaci. Wani ɗalibi daga benen hayar da ke kallon gidanmu ya ɗaga waya.

Yanzu Othniel yana hannun 'yan sanda. An farfasa shagonsa a Sabon Gari. Matarsa Dinatu da 'ya'yansu sun fake a coci. Kaltume ta ce samari sun yi alkawarin zuwa ofishin 'yan sandan bayan sallar Juma'a su karɓe shi da hannunsu.

Kai kuma har yau ba ka ce uffan ba. Ban rubuto don in zage ka ba. Ina so in ji daga bakinka me kake jira.

Ka gaida Inna, kada ka bari ta ga bidiyon.

Ƙaninka,
Dalhatu


Malmo
Laraba

Yaya Abdulhafiz,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin Inna? Ya fama da jama'a?

Na saurari saƙon muryarka har ya ishe ni. Ka ce ni ina ƙasar da ake ƙona Littafin Allah da rana tsaka gwamnati na gadi, don haka ba ni da bakin koya wa mutanen Zariya kishin addini. To bari in ba ka labarin da ban taɓa ba kowa a gida ba.

Na gani da idona. Ranar na taso daga aiki na bi ta wani dandali, na tarar an kewaye shi da shingen ƙarfe, 'yan sanda sun yi sahu. A tsakiya ga mutum ɗaya da lasifika da Alƙur'ani. Ya yaga, ya taka, ya cinna wuta, yana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya yana murmushi, don abin da ya zo nema ke nan. Na zauna a bakin titi da kayan aiki a jikina ina kuka kamar ranar da muka binne Baba.

Washegari shugabar aikina, mace mai kirki da ba ta taɓa hana ni salla ba, ta ce ita ma abin ya ba ta ƙyama, amma a ƙasarsu 'yancin faɗin ra'ayi ne, kuma ranar da hukuma ta fara zaɓar abin da za a ce, irina baƙi za a fara rufe wa baki. Na ce mata wane ra'ayi ne a cikin ashana? Duk abin da mutumin yake son faɗa game da addinina yana da baki, yana da lasifika, ya faɗa in amsa masa. Wutar ba ta ƙara hujja ko ɗaya ba, ta dai gaya mana cewa mu ba mutane ba ne a idonsa. Har gobe ina kan wannan. Wanda ya yi don wulaƙanci, ko Alƙur'ani ne ko Baibul, a kai shi gaban alƙali. Ƙasar da ke maƙwabtaka da su a tsallaken gadar teku ma ta yi doka a kan haka, kuma sama ba ta faɗo ba.

Amma ba zan yi musu ƙarya ba. 'Yan sandan da suka kare shi, su suka kare mu da muka fito muna kabbara. Ba wanda ya kwana a kabari ranar.

Ka lura na ce gaban alƙali. Alƙali yana tambaya: wa ya kunna, me ya sa, wa ya gani? A wurinmu wa ya tambayi Othniel? A nan na ga wanda ya ƙona don ya ci mutuncinmu ya koma gida ya ci abincinsa. A gida ga wanda ya tsaya a rana yana hana ayoyin Allah faɗawa kwata, ana wasa masa wuƙa. Ka gaya mini ina zan sa kaina. Can ba ta yi mini ba, nan ba ta yi mini ba.

Na san abin da kake tsoro, kuma ban raina shi ba. Kai ne sakataren kwamitin masallaci. Kai ka riƙe lasifika a zanga-zangar da aka yi a kan masu ƙona Alƙur'ani na ƙasar nan, ka ce duk wanda ya ƙona ba sai an tsaya jin ta bakinsa ba. Yanzu za su ce kai ka bar wa wanda ba Musulmi ba gadin warƙoƙi. Masu duwatsu kuma ba sa jiran ƙarshen bayani, na sani.

Duk da haka ga abin da na yanke. Ka je wurin Liman, ka je wurin 'yan sanda, ka tashi ranar Juma'a ka faɗa. In ba ka yi ba, kafin a sauko daga masallaci zan yi bidiyo da fuskata, in faɗi sunan gidan da sunan wanda ya ƙyasta ashanar. Na san Kaltume da 'ya'yana suna cikin gidan nan. Na san me nake jawo musu. Na gaya mata, ta ce za ta kwashe yaran da Inna su tafi Hanwa wurin iyayenta.

Kada ka sa ni yin wannan, don Allah. Daga bakinka gaskiya ce, daga bakina tonon asiri ne.

Ƙaninka da bai daina ganin girmanka ba,
Dalhatu


Malmo
Lahadi

Yayana,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Ya ɗinkin goshin? Kaltume ta ce kumburin idon ya fara sauka. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Ta ba ni labarin duka. Yadda Liman ya gama huɗuba a kan ƙona warƙoƙin da suka lalace, ya ce haka magabata suka yi, sannan ya miƙa maka lasifika. Yadda wani ya yi ihu daga baya cewa an saye ka, dutse ya same ka a harabar masallaci, dattawa suka kewaye ka har mota. Ta ce taron da ya nufi ofishin 'yan sanda bai kai rabin wanda ake tsoro ba, kuma ya watse a hanya suna gardama da juna.

Ni na zauna a ɗaki mai ɗumi na rubuta takarda, kai ka tsaya a gaban duwatsu. Na san bambancin. Ban yi nadamar abin da na ce ba, amma ba zan ƙara ɗaga maka murya a kan jarumta ba.

Sai dai akwai abin da ba ka sani ba. Jiya na samu Dinatu a waya. An saki Othniel, amma ba za su koma Muchiya ba, har yanzu bidiyon yana yawo kuma bayaninka bai bi shi ko'ina ba. Suna ɗaure kaya za su tafi Zonkwa wurin danginta. Mutumin da aka haifa a Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi tawa.

Na tambaye ta me ya hana shi kare kansa tun ranar farko, ya ce Abdulhafiz ne ya kunna, ni tsarewa aka ba ni. Ta ce 'yan sanda sun tambaye shi, sun sake tambaya, har da mari, ya ƙi ambatar sunanka. Ita ma da ta kai masa abinci ta roƙe shi tana kuka. Ya ce mata in ya faɗa, gidan Malam, wato gidanmu, samarin za su je, kuma akwai tsohuwa da ƙananan yara a ciki. Ya ce Abdulhafiz zai zo da kansa, a ba shi lokaci, tsoro ne kawai.

Yaya, kai ka yi shiru saboda yaran gidanmu. Shi ma saboda su ya yi.

Motarsu za ta tashi jibi da safe. Dinatu ta ce ba ta san ko zai yarda ya gan ka ba, ita kam ba ta so. Ka je duk da haka. Kada ka aika kowa, kada ka ɗauki 'yan kwamiti. In sun bar ka a ƙofa, ka tsaya a ƙofar har motar ta tashi.

Ka gaida Inna, ka ce ta sa mu a addu'a, har da su.

Naka,
Dalhatu