Kasat Ta Uku

Deule, 3 ga Maris, 1986

Zuwa ga ɗana Surajo, a tashar jiragen ruwa ta Kwatano,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan sai godiyar Allah. Da hannuna nake rubuto maka, makarantar dare ta yi rana.

Kasat uku da ka aiko sun iso. Ka kyauta da ka juya mana littafin nan na faransanci zuwa Hausa da bakinka. Kullum bayan la'asar tsofaffin unguwa suna taruwa ƙofar gidana, mu saurari yaƙin jiragen zamanin da, masu igwa, waɗanda iska ke turawa da manyan ƙyallaye. Babu wanda ya taɓa ganin teku cikinmu, amma jiran iskar nan mun san shi, jiran ruwan shuka ne.

Kasat ta biyu ta ƙare iska ta ɗauke, ruwan sha ya ƙare, abokan gaba sun sa kaftin mai jan gemu tsakiya. Nan pil ɗin rediyo, wato batir, ya mutu. Sai ranar kasuwar Buza zan samo wani. Na kasa zama, na kasa tashi. Maigari ya rantse jirgin zai nutse, tsoho Kalla ya ce sai dai Maigarin ya nutse.

Matarka Furera tana gidansu Sabon Gida, watan haihuwarta ya kama. Shekara biyu muryarka kawai muke samu, in ban da kwana ukun bara.

Mahaifinka,
Mato

Deule, 9 ga Maris, 1986

Ɗana Surajo,

Bayan gaisuwa, albishirinka. Furera ta sauka lafiya, mace. Na yi sabuwar amarya, uwarka Tabawa sai haƙuri. Tun jiya bakina bai rufe ba.

Ga kuma abin da ya faru. Na sayo pil, Tabawa ta ɗauki rediyon ta tafi barka, don ta ɗauko maka gaisuwar dangi kamar yadda ake yi wa na nesa. Kasat ta uku ce ta tarar ciki, a kanta ta ɗauki gaisuwar. Da ta dawo tsofaffi sunka taru, na kunna. Mun ji ka ce iska ta fara motsi daga gabas, sai guɗa ta yanke ka, sai kukan jaririya, sai gwaggonninka ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen zaren. Kalla ya ce ashe kaftin haihuwa ya yi.

Ban yi faɗa ba. Amma kasat ɗin ba zan aiko ba, kuma kada ka aiko wata. Na san kunyar ɗiyar fari, babu wanda zai ce ka ɗauke ta gaban mutane. Suna ranar Asabar ne. Ko ka makara, ka zo. Na shimfiɗa maka tabarma ƙofar gida, mutanen nan na cikin jirgi ba su da ruwan sha, kai kaɗai ka san hanyar fitarsu.

Mahaifinka, angon bana,
Mato