Ranar da 'Yan Acaɓa Suka Zo Fasa Ofishin Ningrum

Surabaya

Maman Darto,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar taki? Yaya su Darto da girbin shinkafa? Da hannuna nake rubuta miki, ajin yamma ya yi rana.

Lafiyata ƙalau, murna ma ta hana ni zama. Kin san ina gadi a kamfanin da jikarmu Ningrum take aiki, masu shafin da 'yan acaɓa ke samun fasinja. Tun makon jiya shafin yake sandarewa a wayoyinsu. Ranar Talata suka zo da sanduna da duwatsu, suka farfashe tagogi. Na tare ƙofa.

Wani ƙato ya ce, "Kauce, tsoho, ko mu haɗa da kai!"

Na ce, "Jikata na ciki, ɗan nan. Sai dai ka taka ni."

Ya maka mini hular kwano a baki. Ina ƙasa suna shurina, ita Ningrum tana sama tana gyaran shafin. Daga baya ta ce mini kowace waya ƙwaƙwalwa takwas gare ta, amma guda ɗaya kawai shafin yake ɗora wa komai, lissafin hanya da zanen taswira. Sai ta raba musu aikin.

Can wayoyinsu suka hau ƙara tare. Ƙaton ya duba tasa, ya ce, "Kai, fasinja!" Suka watsar da sanduna, kowa ya ruga wajen babur ɗinsa. Ba wanda ya taɓa jikarmu.

Haƙora biyu kawai na rasa, dama sun tsufa. Ki aiko mini da man zafi saboda haƙarƙarina. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Mijinki,
Kasmuri