Na Bar Alhaji da Rabin Aski

Malam Sahabi, sallama gare ka. Don Allah ka agaza min da shawara, yau kwana tara ko majalisa na kasa zama saboda kunya.

Ni wanzami ne a Gwandu, na gaji zabirar babana da gidajen da yake yi wa aiki. Karatuna na allo ne, bokon nan a waya na tsince shi, sai ka yi haƙuri da rubutun. Kowa ya san ni da tsokana, ba na musu. Na taɓa ce wa wani ango gemunsa ya mutu ta gefe guda, ya yi mako yana shafa masa man shanu.

Cikin gidajen da na gada akwai na wani da zan kira Alhaji Umaru. Ɗan garinmu ne da ya koma Kalgo, ya ce ba mai taɓa kansa sai ɗan gidanmu. Duk mako biyu in hau mota in ratsa Birnin Kebbi in je. In na isa a ce in jira, yana waya, yana baƙi. In ya fito kuma ya tara abokai, ya ce in kwaikwayi muryar wane, in yi tafiyar wane, su yi ta dariya. Aski ɗaya sai ya cinye min yini.

Akwai kuma Hamidu, makiyayi a wata ruga kusa da Malisa. Babana ya aske shi ranar sunansa. Ban taɓa jira a gidansu ba, kafin in sauka an shimfiɗa tabarma. Matarsa ta haihu bayan shekara shida suna nema, suna ya faɗo ranar Juma'a. Da ƙafarsa ya tako ya kawo min goro, na ce masa askin jaririn nan nawa ne ko da rarrafe.

Ranar Alhamis Alhaji ya bugo, wai in yi sammako gobe Juma'a, yana sauri. Na kasa ce masa a'a. Na ce a raina kafin hantsi ya ɗaga na juyo. Malam, sai wajen sha ɗaya ya fito. Hamidu ya kira ni sau uku, daga nan ya daina. Na aske gefen dama kenan Alhaji ya ɗaga hannu, wai in tsaya in yi wa baƙinsa yadda Bafillace ke cinikin shanu a kara. Wasan nan kuwa da muryar Hamidu na saba yi musu shi. Na ce aska ta dakushe, bari in wasa ta a waje. Na rataya zabira, sai tasha. An ce haka Alhaji ya danna hula har kunne ya tafi masallaci.

Na isa ruga bayan la'asar, an riga an kira wani wanzamin. Hamidu ya shimfiɗa min tabarma. Fura ya sa aka dama min, ya miƙo min kason naman da ya ajiye da sunana. Wallahi da mari na ya yi da ya fi min sauƙi.

Innata ta ce gidan Alhaji amanar babana ce, in je in durƙusa in ci gaba. Ni ko zuciyata ta fita. In na bar shi na ci amana ne? Da wane ido kuma zan dubi Hamidu?

Naka,
Wanzami mai jin kunya

Amsa

Ɗana, na yi dariya, ba zan ɓoye ba, amma ka yi laifi. Dattijo ya ba ka kansa, ba a barin sa haka, ko me ya yi. Sai dai babban kuskurenka ranar Alhamis ka yi shi, da ka riƙe goron wani ka amsa kiran wani.

Innarka tana da gaskiya rabi. Ka je Kalgo tare da wani babba na gidanku ka ba da haƙuri, ba wasa a ciki. Amma ba da haƙuri daban, ci gaba daban. Babanka sana'a ya bar maka, bai bar ka a hannun kowa ba. Ka faɗa wa Alhaji cikin ladabi cewa hanya ta yi maka nisa, ka haɗa shi da wanzami mai hannu a can Kalgo. Zumunci ya tsaya, gaisuwar salla ta tsaya. Ka kuma sani kai ka saba masa, duk abin da ya ce ka yi kana yi da dariya, ta ina zai gane ka gaji?

Daga yau, wanda ya kiyaye lokacinka shi ne gaba, wanda ya fara kawo goro shi ke da ranar. Muryar mutanen da ke mutunta ka kuma ka daina kai ta majalisa.

Kafin Kalgo, fara da ruga. Kada ka jira wata hidima. Je ka ɗauki yaron ka yi masa addu'a, ka faɗa wa Hamidu gaskiyar inda ka tsaya ranar. Mutumin da ya ware maka nama yana cikin fushi bai rufe ƙofa ba tukuna, amma bai kamata ya jira ka karo na biyu ba.

Allah ya raya jaririn, ya yi wa askarka albarka.

Malam Sahabi