Ƙuryar Gidan Esha

Litinin, 3 ga Satumba

An daɗe ana faɗa a nan Lamu wai duk gidan da ɗalibin ƙasar waje ya zauna, ba ya ƙara daɗewa a hannun masu shi. A wurin wanzami na fara ji, aska na kan maƙogwarona, shi ya sa ban musa ba. Amma ban yarda ba. Kakata ta cika mana kunne da aljanun da ke ɗauke gida su dire shi a tsakiyar teku, kuma tun ina yaro na lura kullum gidan wani gari ake ɗaukewa, ba wanda ya taɓa nuna mini filin.

Yau 'yata Swabra ta ce ta karɓi ɗaliba. Makarantar nan ta masu koyon yarenmu da al'adunmu ce ke raba su gida-gida. Ba shawara ta kawo ba, sanarwa ce. Gidanta ne. Mahaifin matata Esha ya ba ta ranar aurenmu, Esha ta ba Swabra ranar nata, kafin Allah ya karɓi abarsa. Ni jirgin ruwa na tuƙa har ido ya gaza, gida kuwa ban taɓa mallaka ba. Baƙo ya hana baƙo shiga?

Juma'a, 7 ga Satumba

Ta iso. Mizuki, daga Japan. 'Yar firit, jakarta ta fi ta ƙiba. Ta duƙa ta yi mini gaisuwar da ake wa dattijo, "shikamoo, Mzee", da ƙarfi kamar ladan, kafin in amsa ta sake duƙawa. Sai da na jera mata marahaba sannan ta miƙe.

Kombo mai gahawa, abokina tun makarantar allo, ya leƙo daga dakalinsa: "Famau, fara ɗaure kayanka." Na ce ya ji da butarsa. Mutumin da 'ya'yansa duk suka watse Maskat suka bar shi da ƙaton gida da kuliyoyi, shi ne zai koya mini zaman gida.

Laraba, 19 ga Satumba

Shinkafa da hannu ta gagare ta, rabi a baki rabi a tabarma. Jaki ya matse ta a lungu, ita ta ba shi haƙuri. Bayan azahar na ji shessheka ta bayan labule. Swabra ta ce kewar uwarta ce. Na aika da gahawa da alewa, na ce kada a ce daga wurina.

Asabar, 6 ga Oktoba

Yarinyar nan tambaya ce abincinta. "Mzee, me ya sa ɗakunan suke jere, kowanne ya fi na gabansa duhu?" Na ce don baƙo ya san inda ƙafarsa za ta tsaya. Ta ja burki a bakin ɗaki na biyu: "To ni fa?" Swabra ta tura ta: "Ke mace ce, wuce."

Haka muka kai ƙurya. Ta tsaya baki buɗe gaban bangon alkukan nan, da kwanukan tangaran na Esha a jere a ciki. Tana ja da baya diddigenta ya faɗa inda tabarma ta lotsa. Ta tambaya. Swabra ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Ni na ɗaga tabarmar. Na ce wannan ramin shi ne ufuko. A kansa ake wanke mamatan gidan, ruwan ya shige ƙasar gidan, kada ya bi kwata jakuna su taka. A ɗakin nan aka haifi Esha, a nan ta haifi Swabra, a wancan kusurwar aka binne cibiyoyinsu. A kan ramin nan aka wanke ta, ina zaune a waje ina jin zubar ruwan. Sai bakina ya zarce, na ce ni ba ni da gida, amma ina da wannan. Nan nake so a wanke ni, ruwana ya bi nata. Ko Swabra ban taɓa gaya wa haka ƙarara ba.

Mizuki ta durƙusa, hannu bisa gwiwa. Daga baya ta nemi izinin ɗaukar hoton bangon, bangon kawai, don aikin makaranta. Na ce ɗauki, bango ne, ba zai rame ba.

Talata, 23 ga Oktoba

Ruwa tun jiya. Azarar ɗakin tsakiya ta ruɓe, farar ƙasa ta ruzgo dab da inda jikokina ke kwana. Ni da Mizuki muna ta tare yoyo da kwanuka. "Baba, nan ma!" Na yi kamar ban ji sabon sunan da ta kira ni da shi ba.

Swabra na waya da mijinta Lali a Mombasa. In na gifta sai murya ta sauka.

Lahadi, 11 ga Nuwamba

Makaranta ta baje ayyukan ɗalibai, aka gayyace mu. Na sa hular da Esha ta ɗinka mini. Ga bangonmu an rataye shi, ƙato, ya fi kowanne kyau a zauren. Ban san haka yake ba, ni da na tsufa a gabansa. Yoyo bai fito a hoton ba. Turawa sun yi cirko-cirko a wurin, Mizuki sai murmushi take, ni ma na ji kaina ya ɗan kumbura.

Kombo ya raɗa mini: "An yi wa amarya lalle, saura masu neman aure."

Alhamis, 15 ga Nuwamba

Shee dillalin gidaje ya yi sallama. Mutumin da ko a jana'iza ba ya gaishe ni, yau har da tambayar gwiwata.

Da ya tafi Swabra ta zauna gabana, ba ta kalle ni ba. "Baba, gidan nan a kanmu zai faɗo. Lali ya gaji da zaman gwauro, yara sun fara manta fuskarsa." Na ce ƙuryar fa? Sai ta ce, "A Mombasa ma ana wanke mutane, Baba." Ta faɗa, ta toshe bakinta da zane.

Ba ƙarya ta yi ba. Shi ne abin.

Talata, 20 ga Nuwamba

Bature da matarsa za su zo gani ranar Asabar. An ce rufin ya sa suna jan ƙafa, akwai wani gidan da suke dubawa.

Kombo ya kawo dabara. "Bature na tsoron gawa fiye da yadda kake tsoron Esha da tana raye. Ɗaga musu tabarma, ka ga gudu." Na ce ban taɓa jin tsoron Esha ba. Ya ce, "Allah ya ji ka."

Amma maganar ta zauna mini. Wa zai kwanta a inda aka wanke gawawwaki, in ba nasa ba ne? Ko a cikinmu, gidan da ba na dangi ba sai an yi ta sauka da turare. Na gaya wa Mizuki, tunda ita za ta yi tafinta. Tun ranar da dillali ya zo ba ta ɗaga ido sosai. Yau ta ɗaga. "Zan ƙara gishiri, Baba."

Asabar, 24 ga Nuwamba

Sun zo. Mutanen kirki, abin haushi, har takalmi suka cire ba a ce ba. Mijin sai kallon azara yake yana taɓe baki. Na ce alhamdu lillahi a raina.

A ƙurya na ɗaga tabarmar. Na ba su labari irin na kakata, a hankali, ina sauke murya inda ya dace. Tun kakannin kakannin Esha, duk wanda ya mutu a gidan nan a nan aka kwantar da shi, ruwansa na ƙarƙashin ƙafarku. Mizuki ta juya musu, nata ya fi nawa tsawo, har da hannu. Matar ta dafe ƙirji. Na ce shi ke nan, an gama.

Sai na ga hawaye a idonta. Mijin ya durƙusa a bakin ramin, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji. Suka yi ta magana da sauri. Mizuki ta yi fari fat.

"Me suka ce?"

"Baba..."

"Faɗi mana, 'yar nan."

Wai irin gidan da suke nema ke nan, mai tarihi. Rufi ba komai ba ne, a gyara. Za su shimfiɗa gilashi a kan ramin, su sa fitila a ciki, baƙinsu su riƙa gani.

A bakin ƙofa Shee ya kama hannuna ya sumbata. "Mzee, ka fi ni iya sana'ata."

Litinin, 3 ga Disamba

An sa hannu. Sun bar mu zuwa bayan sabuwar shekara.

Alhamis, 6 ga Disamba

Na kama kaina bayan sallar asuba ina lissafin cewa in Allah ya ɗauke ni kafin Janairu, har yanzu ramin namu ne. Astagfirullah. Lafiyata ƙalau kuma, ko mura babu.

Laraba, 12 ga Disamba

Mizuki ta daina ci. Yau ta zo ta kifa goshinta a ƙasa gabana, irin ban haƙurinsu. Na ce tashi maza, Allah kaɗai ake yi wa wannan. "Ni na jawo, Baba. Da ban zo ba." Na ce hotonki bango kawai ya nuna, tabarmar wa ya ɗaga? Azarar kuma ke kika ruɓar da ita daga Japan? Na tura mata kwanon shinkafa da kifi. Ta ci, da hannu, ko ƙwaya ba ta faɗi ba. Ban san yaushe ta iya ba.

Da yamma mun ga malamar makarantar a ƙofar Kombo. Sabbin ɗalibai za su zo a Janairu, ana neman gidaje.

Juma'a, 21 ga Disamba

Mizuki ta tafi. Swabra ta yafa mata zanen Esha, wanda ko ni ba a bari in taɓa. A bakin jirgi ta ba ni saƙo in kai wa Kombo. Na ce to.

Gidan ya yi faɗi. Dama faɗi gare shi.

Lahadi, 6 ga Janairu

Mun sauke kwanukan daga alkukai, bangon ya zama kamar bakin tsoho. Gobe jirgi, sannan mota. Lali ya ce masallacin unguwarsu na da ɗakin wankan gawa mai tayil da famfo. To. Na tsaya a ƙurya, na yi wa Esha addu'a, na mayar da tabarmar na daidaita ta.

Na je sallama da Kombo. Ya zuba mini gahawa, kuliyoyinsa na zagaye mu, bayansa gidan shiru kamar rijiya. Bai yi mini tsiya ba, abin da ya fi ba ni tsoro. Ya ce har yanzu bai ba malamar amsa ba. Wani yaro ne wai, daga wata ƙasa mai sanyi.

"Famau, tsakaninka da Allah. Maganar nan ta ɗalibai, gaskiya ce?"

Na kurɓi gahawar har ta ƙare. Na ce, "Maganar wanzamai ce. Karɓi yaron. Ka dai tanadi alewa, kwanakin farko suna kuka."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce tsufa ya taɓa mini kai. Wataƙila.

Saƙon ban kai ba, kuma ba zan kai ba. Cewa aka yi in roƙe shi kada ya karɓa, don duk gidan da ɗalibi ya zauna ba ya daɗewa a hannun masu shi. Na ji maganar nan a bakin wanzami, na ji a bakin Kombo, na ji a kasuwar kifi. Wadda ta faɗa mini ta ƙarshe, ƙafa ɗaya a jirgi, tana share hanci da zanen matata, Mizuki ce.