A Dawo wa Kaza da Wuyanta

Zuwa ga Alhaji, mai gidan abincin da na yi wa aikin suyar kaza shekara tara a nan Funtua.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara baki ɗaya. Barka da aikin kaka, Allah ya sa albarka a masarar da aka samu.

Alhaji, ban ambaci sunanka ba, ban kuma ambaci sunan gidan ba, kai ka san da kai nake. Ba halina ba ne kai magana kasuwa. Sau uku na zo gidanka don mu yi ta mu biyu. Na farko aka ce ka tafi gonarka ta Bakori, na biyu aka ce ka fita, na uku na ga takalmanka a ƙofar falo amma aka ce kana hutawa. Ban riƙe ka ba, babban mutum yana da hidima. Sai dai maganar ta riga ta fita gari da muryata, don haka dole gyaranta ya bi hanyar da ta bi.

Na farko, ina tuna maka yadda muke kafin korona.

Benci shida gare mu da rumfar kwano. Direbobin Malumfashi, 'yan kasuwar hatsi, mutanen Kafur da suka kawo kaya, duk nan suke sauka. Murhuna a fili yake, mai cin abinci yana ganina ina ganinsa. Malam Audu, dattijon nan mai yanka, yana gindin darbejiya da wuƙarsa. Zai fuskanci alƙibla, ya yi bismillah da ƙarfi har na kan benci na ƙarshe ya ji. Kaza kuwa da kanta da wuyanta take zuwa hannuna.

Kafin in sa mata gishiri, wuyan nake fara dubawa. Innata ce ta koya mani tun ina yarinya a Dayi. Kazar da aka yanka da ranta, wurin yankan yana buɗewa ya yi kaca-kaca, jini ya jiƙa bakinsa, naman ya fito fes. Wadda ta riga ta mutu aka bi ta da wuƙa, yankan yana zama sumul kamar an yanka sabulu, jinin kuma ya kwanta a jiki. Ba wani ilimi ba ne, kowace macen ƙauye ta san shi. Wuyan ma mu ma'aikata ake bar wa, shi ne farfesunmu na azahar.

Na biyu, abin da kulle ya canza.

Da aka hana zama, aka kwashe bencin. Da aka buɗe gari, ba a dawo da su ba, saboda ka gano cinikin waya ya fi. Mutum yana zaune a gidansa zai yi oda, a zuba a robar tekawe, ɗan acaba ya ɗora a akwati ya kai masa. Ba zan ce duk sharri ne ba. Matan da ba sa fita sun ci kazar da da sai dai su ji labarinta, magidanta da yawa sun samu abin yi da baburansu, mu ma ba a kore mu ba lokacin da wasu gidajen suka rufe. Allah ya saka maka a kan wannan.

Amma an maida kicin can baya, an ja katanga. Na daina ganin masu ci, su ma sun daina ganina. Sannan kowa ya buɗe irin sana'ar, har 'yan mata daga ɗakunan iyayensu, aka koma gasar wa zai riga wani kaiwa.

A lokacin ne manajanka Sagir ya zo mani da wayarsa yana dariya, wai zai ɗauki muryata don talla, ya ce, “Inna, tunda sun daina ganinki, bari su ji ki.” Na ƙi, ya matsa, na yarda. Ga abin da na faɗa, ban manta ko kalma ɗaya ba: “Ni ce Inna Asabe mai kaza. Kazarmu yankan bismillah ce, ni da idona nake dubawa. Ku ci hankalinku kwance.” Ranar da na faɗa gaskiya ne, Malam Audu yana nan gindin darbejiyarsa.

Oda ta yi yawa, aka ce hannun mutum ɗaya ba zai iya ba, aka sallami Malam Audu. Kaji suka koma zuwa a buhu daga wani gidan gona, an fige, an cire kai, an cire wuya tun daga tushe, a juye a firiza. Na tambayi ina wuyan, aka ce can ake sayar da shi daban. Abin da ya fara damuna, Allah ya yafe mani, farfesunmu ne da muka rasa. Sai daga baya na lura an raba ni da abin da nake dubawa. Ita kuwa muryar ba a canza ta ba, tana ta yawo a wayoyin mutane tana cewa “ni da idona.”

Na uku, maganar 'yan gajiya. Nan ne laifina yake.

Da zafin bazara ya tsananta, sai na fara ganin wasu kaji a cikin buhu namansu ya yi ja-ja, jijiyoyin ƙarƙashin fiffike cike da jini, in an sa a mai ƙamshin ba irin na sauran ba. Ba duka ba, a buhu ɗaya a samu huɗu ko biyar. Na nuna wa Sagir. Ya ce, “Haba Inna, 'yan gajiya ne.” Ni a fahimtata, kaji ne da zafin mota ya galabaitar, aka yi sauri aka yanka kafin rai ya fita. Tun muna makarantar allo mun san dabbar da aka riska da sauran ranta aka yanka ta halatta. Sai na ce to, alhamdu lillahi.

Alhaji, ba zan yi wa kaina ƙarya a takardar da jama'a za su karanta ba. Ban sake tambaya ba ne don ina tsoron amsar. Zuciyata ta gane naman nan, hannuna ya gane shi. Na riƙa ware su gefe ina ƙara masu citta da tafarnuwa da yaji. Macen da ta yarda halal take soyawa ba ta da abin da za ta ɓoye da tafarnuwa. Ina da marayu uku a gabana, na lallaɓa kaina da kalma ɗaya, gajiya, na kwana a kanta wata da watanni.

Na huɗu, walimar makarantarmu.

Ina zuwa Islamiyyar matan aure ranar Asabar da Lahadi. Ajin da ke gaba da namu suka yi sauka, aka shirya walima. Malamarmu, Malama Hadiza, mace ce da ba ta cin naman da ba ta san mayankinsa ba, ko a gidan biki sai dai ta ci shinkafar ta bar naman. Ita ce ta miƙe a gaban aji ta ce a yi oda a wurinmu. Ta kunna muryata a wayarta, mata suka yi ta dariya suna ce mani 'yar talla. Ta ce, “Inda Asabe take, ba na tambaya.”

Ni na soya kajin nan. A cikinsu akwai 'yan gajiya, ban san adadinsu ba, na dai san na ƙara yaji. Na yi wanka na sa sabon hijabi na je na zauna cikin mata. Na ga Malama ta buɗe robarta ta yi bismillah ta ci, har ta ɗago cinya ta nuna mani daga nesa tana murmushi. Ni ban ci tawa ba, na ce azumi nake. Ba azumi nake ba.

Na biyar, abin da Rifkatu ta gani.

Ka san Rifkatu, 'yar wajen Kafur, mai yanka albasa da wanke tukwane. Kwana biyu bayan walima aka tura ta gidan gonar nan ta taya figa, don ma'aikatansu sun yi ƙaranci. Da ta dawo ta ja ni bayan firiza. Ta ce, “Inna, 'yan gajiyar nan ba gajiya suka yi ba, mutuwa suka yi.” Ta ga ana tsince su a ƙasan keji sun sandare, a jefa a ruwan zafi tare da sauran, a datse kai da wuya. Ta ce, “Mu ma a gidanmu ba a cin mushe. Na ga ke ce muryarki take yawo, shi ya sa na kasa yin shiru.” Rifkatu Kirista ce, tana kuma tsoron rasa aikinta kamar ni, amma kwana ɗaya bai wuce ba ta faɗa. Ni mai zuwa Islamiyya na yi wata nawa ina ƙara tafarnuwa.

Na samu Sagir. Bai musa ba. Ya ce, “Inna, mai oda ba ya shiga kicin. Kuma wuta ai tana kashe komai.” Na ce masa wuta ba ta mayar da mushe yankakke. Na kwance zanen aikina na ninke na ajiye masa a kan tebur, ban koma ba.

Ban sani ba ko ka san da wannan, Alhaji. Ban gani ba, ba zan ɗora maka ba. Ban kuma ce kowace kaza a gidan haka take ba, mafi yawansu naman fes yake.

Na je na faɗa wa Malama Hadiza a ɗakinta. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce wanda ya ci bai sani ba babu laifi a kansa, in kwantar da hankalina game da matan. Sai ta dube ni ta ce, “To ke fa, Asabe, kin sani?” Na buɗe baki in ce a'a, kalmar ta ƙi fita. Har na bar ɗakin ban amsa ba. Ba ta yi mani faɗa ba, ta ma rako ni har zaure. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Shekaranjiya ina cikin motar Malumfashi, wata mata a kujerar baya ta kunna wa 'yar uwarta talla, sai na ji kaina ina cewa ku ci hankalinku kwance. Na ja mayafi na rufe fuskata har muka sauka.

Don haka ga roƙona.

Ka sa a cire muryata daga tallan gidanka yau, kada a jira gobe. Wadda ta faɗi maganar nan ba ta nan, abin da ta faɗa kuma ya daina zama gaskiya.

Ka je gidan gonar da ƙafarka ba tare da ka sanar ba, ka tambayi ina ake kai kajin da suka mutu.

Kada a taɓa aikin Rifkatu. Ita ta yarda in ambace ta, gaskiya kawai ta faɗa.

Mafi girma, kada a sake karɓar kaza a gidanka sai da wuyanta a jiki. Ba ya buƙatar inji, ba ya buƙatar katanga ta faɗi. Duk matar da za ka ɗauka a madadina za ta iya dubawa da ido ɗaya. Ina roƙon sauran masu irin wannan sana'a a Funtua da Malumfashi su yi haka. Malam Audu ma yana nan da ransa, wuƙarsa ba ta dakushe ba.

Ku kuma da kuka ci saboda kun ji muryata, musamman matan makarantarmu, ku yafe mani don Allah. Malama, tambayar da kika yi mani a ɗakinki, ga amsarta a gaban kowa: ban gani ba, amma na sani.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki na halal, Alhaji. Allah ya tsare zuri'arka daga cin abin da bai halatta ba, ya ba ka ikon gyarawa, ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalamu alaikum.

Taka mai neman gafarar Allah da ta jama'a,
Inna Asabe, Funtua.