Buhun Taki a Ƙofar Durbi

Yaya Hajiya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman baƙunta? Yaya ciwon ƙafar, yaya Alhaji da yara? Mu nan Gobarau lafiya lau, sai kewarki.

Kin san abin da na faɗa ranar da aka sa Lawal ɗinki cikin sojojin da Turawa za su horar kan yaƙi da ta'addanci. Cewa na yi an ƙara wa mai duka bulala, tunda ko da aka koma mulkin farar hula ba a daina sa mutane tsallen kwaɗo ba. To, na janye maganata.

Ranar Laraba ina tura babur a shingen sojoji na Ƙofar Durbi aka kama wani dattijo da buhun taki a kekensa. Aka ce kayan haɗa bam ne, aka kwantar da shi cikin rana, har wani soja ya ɗaga gindin bindiga. Sai ga Lawal. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa shi." Ya buɗe buhun, ya tambaye shi abin da ya shuka, ya dubi kantar fartanya a tafin hannunsa. Da kansa ya tada shi, ya ɗaure masa buhun a keke.

Da Lawal ya zo gaishe ni na ce, "Wannan karatun Turawa ne?"

Ya ce, "Kawu, bincike kafin hukunci su suka koya mana. Tada tsoho daga rana kuwa, Inna ce."

Jibi za a tura su daji, Yaya. Ki sa shi a addu'a, mu ma kada ki manta da mu. Ki gaida Alhaji da yara.

Ƙanenki,
Sani