Mai Jar Jaka

Safana,
Talata.

Zuwa ga ƙanwata Yasmin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki. Yaya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Yaya 'yata Fanta, wadda na tabbata ta cika miki gida da surutu? Idan kin tambayi lafiyata, alhamdulillahi, sai kewarku da ta yi min yawa.

Kada ki yi wa rubutuna dariya. Tun da aka yanke sabis a yankin nan muka koma zamanin kakanni, waya ta zama fitila kawai. Salmanu direba, mai a-kori-kurar da ke kai hatsi Katsina, shi zai riƙa kawo miki takardata, shi kuma za ki ba amsa.

Ki saurari abin da ya hana ni cin abinci jiya. Baƙi ne suka zo ofishinmu na tallafa wa mata manoma. Ina zaune a teburina, sai ɗaya daga cikinsu, wanda na kusa haifa, ya miƙo min kofin shayinsa, wai Baba ta taimaka ta wanke. Ni ce Babar, ni da na koya wa rabin ofishin nan aiki. Na kuwa karɓa na wanke don kunya, sai da na keɓe na yi hawayena. Ramlat, yarinyar da aka kawo mana bana, ita aka sa a gaba tana yi musu bayanin aikin da ni na yi.

Na zauna na ƙare mata kallo. Wallahi atamfarta ba ta kai tawa ba. Ɗinkunana riga da zani ne na mutunci, ba su koɗe ba, ba kuma zan koma sa matsattsun kaya da shekaruna ba. A ƙananan abubuwa ta fi ni. Ga siririn agogo, ga tabarau, ga jaka mai tsayawa da kanta a kan tebur. Ni kuwa baƙar jakata ta saki jiki kamar tsohuwar salka, hannunta ma da zare na ɗinke shi, mayafina kuma irin na zuwa gaisuwar mutuwa.

Tun da sayar da kayan ado ne sana'arki, ki zaɓo min abin da zai tashi kayan nan: jaka, agogo, mayafai marasa zane, da ƙaramin ɗankunne. Ban da na 'yammata, ban da na tsofaffi, kin dai san tsakiyar.

Na san abin da za ki ce, bari in riga ki. Kowane ma'aikaci a nan kayansa iri biyu ne, na ofis da na hanya. In za mu shiga Runka ko Ruma, ko mu bi hanyar Batsari, tsohon hijabi muke sawa da silifas, katin aiki a bar shi gida, takardu a cusa su cikin buhu ƙarƙashin busasshiyar kuɓewa. Mutanen daji, masu satar mutane, ma'aikaci suke nema a cikin mota, wanda suke zaton gwamnati na bayansa. Ni kuwa na fi kowa iya shigar hanya, tunda har a ofis an ɗauke ni mai wanke kofi. Abin da za ki aiko ba zai wuce ƙofar ofis ba.

Ki gaida Inna da kyau. Kada ki ba ta labarin kofin, cewa za ta yi girma ne ya zo.

Yayarki,
Zuwaira.

Safana,
Alhamis.

Ƙanwata Yasmin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Fanta da duk mutanen gida, da fatan kowa lafiya. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi a kasuwa.

Da na kwance ƙullin na ga jaka ja, sai da na dafe ƙirji. Na ce yarinyar nan so take a ce na haukace. Amma na bi abin da kika rubuto: abu ɗaya ne zai yi magana a jiki, sauran su yi shiru. Na ɗauko atamfata mai ruwan ƙasa wadda ke da ɗigon ja a cikin furenta, na yafa mayafi mai ruwan madara, na ɗaura agogon, na rataya jakar. Yasmin, ashe atamfar nan kyakkyawa ce, ni ce na binne ta da raina.

Malam Jafaru, shugabanmu, sai da ya miƙe tsaye ya gaishe ni kafin ya gane ni ce. Ramlat ta zagaya ni tana tambayar inda na samo. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi ƙwarai, daɗin da rabona da shi tun kafin rasuwar baban Fanta. Ranar rabon taki ni aka sa a gaba. Mata suka zo daga Runka da Ruma da rugagen da ke kewaye, ina tsaye a tsakar fili, jaka a kafaɗa, ina miƙa wa kowace buhunta.

To, alkawarin ƙofar ofis ban cika shi ba. Daga ofis zuwa gidan Iya, tsohuwar da nake haya a wurinta, tafiya ce 'yar kaɗan, sai na ga wahala ce in riƙa juye kaya daga jaka zuwa leda. Daga nan na biya da ita kasuwa. Yanzu ko ina na gifta sai in ji ana cewa ga Hajiya mai jar jaka.

Akwai wani abu da ban so ba. Wani mai babur ya tsiri tsayawa ƙarƙashin darbejiyar da ke kallon ofishinmu. In fasinja ya zo sai ya ce babu mai. Hansai, wata baiwar Allah 'yar Runka da ke kawo mana dafaffiyar gyaɗa bakin ƙofa, ta ce ya tambaye ta ko gaskiya ne sabuwar Hajiyar da aka turo daga Katsina ita ke riƙe da tallafin mata duka. Kin ji, wai sabuwa. Na tsufa a garin nan ba wanda ya gan ni, sai da na rataya jaka.

Na ba Iya labari ina dariya, ita ba ta yi ba. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni ta ce, "Kifi na ganinki, mai jar koma." Ta ce masu kai wa mutanen daji labari ba su san fuskar mace ba, tunda kowa cikin hijabi take, don haka da abin hannunta suke kwatanta ta. Tun daga lokacin nake barin jakar a cikin durowar ofis, amma sunan ya riga ya bi gari.

Kada ki tada hankalinki, wataƙila tsoron tsofaffi ne. Ki shafa min kan Fanta, ki ce ta dage da karatu.

Taki,
Zuwaira.

Safana,
Lahadi.

Yasmin 'yar'uwata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun yini lafiya, Inna kuma tana samun sauƙi. Na ga amsarki, na ga faɗan da kika yi min, na karɓa. Ƙanwa ta yi wa yaya faɗa, duniya ta zo ƙarshe.

Kwanakin nan ban samu natsuwa ba. An tare wata mota a hanyar Batsari da rana tsaka, aka sauke wani malamin makaranta shi kaɗai. Waɗanda ke cikin motar sun ce ba a tambayi sunansa ba, mai koriyar hula aka ce ya sauko. Mai babur ɗin nan kuma ya bar darbejiya, ya koma bakin layinmu. Ko ganye ya motsa sai gabana ya faɗi.

Iya ta ga na rame, ta je wurin malamin unguwa ta dawo min da shawara. Ya ce sadaka maganin masifa ce, kuma wadda ta fi ƙarfi ita ce mutum ya fitar da abin da ransa ke so, musamman abin da ya jawo masa ido. Na san kyautarki ce, ki yafe min. Jiya na ciro jakar daga durowa, na goge ta, na ba Hansai.

Da kin ga murnarta da ba ki ji haushi ba. Da farko ta ƙi karɓa, ta ɗauka zolaya ce. Da ta tabbata, ta yi ta sa min albarka har da iyayena da jikokin da ban samu ba. Ta ce 'yarta za a kai ɗaki bayan kaka, a cikin kayanta za ta sa. Amma ta rantse sai ta fara ratayawa ita ma, ko sau ɗaya, ta shiga Runka da ita mutane su gani. Ta ɗora ta a kan koɗaɗɗen hijabinta, tiren gyaɗa a ka, tana taku irin na matan manya, mu da Ramlat muna ta dariya har da riƙe ciki. A haka ta hau motar yamma.

Na ji kamar an sauke min dutse daga ka. Na koma baƙar jakata, agogon da ɗankunnen ma na ƙulle su a ƙasan akwati. In Allah ya yarda ƙarshen wata zan shigo motar Salmanu in zo in gan ku, na gaji da jin muryar Fanta a cikin takarda.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayarki,
Zuwaira.

Safana,
Laraba.

Yasmin,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai, ba a gaban Inna ba.

Motar da Hansai ta hau ba ta kai Runka da ita ba. Mutanen daji sun tare ta a wajen wani rafi, rana ba ta ma faɗi ba. Ba su taɓa buhu ko ɗaya ba, ba su karɓi wayar kowa ba. Mai jar jaka suka ce ta sauko. Mutanen motar sun yi ta rantsuwa cewa mai gyaɗa ce, kowa ya san ta, aka ce musu ai duk ma'aikata haka suke shiga in za su hau hanya.

Lokacin da nake rubuta miki cewa an sauke min dutse, tana can cikin daji. Labarin bai iso ni ba sai bayan Salmanu ya tafi da takardar. Ni da na yi shekaru ina koya wa sababbin ma'aikata yadda ake ɓoye kai a hanya, ni na ɗauki alamar da aka sa min na rataya wa matar da ba ta ji ba ba ta gani ba, har ina jiran lada. Iya ta daina cin abinci, tana cewa ita ta kawo shawarar. Ba laifinta ba ne, ba na malam ba ne. Ni ce na san abin da jakar take nufi, tsoro ya rufe min ido. Ban taɓa jin na tsani kaina irin wannan karon ba.

Sun sako ta shekaranjiya, bayan sun duba tafin hannunta da faso a dugaduganta sun yarda ba ta taɓa zama a ofis ba. Kafin su yarda ta sha duka. Ba ta wuce gida ba, gidan Iya ta fara zuwa, da safe ina shara, ƙafafunta a kumbure, ido ɗaya ba ya buɗuwa. Na durƙusa ina kuka ina neman gafara. Ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, ita ma tana neman tawa gafarar, don sun tambaye ta wanda ya ba ta, da gidan da yake kwana, ta kuma faɗa.

Sannan ta kwance ƙullin da ke hannunta ta ajiye min jakar a bakin ƙofa. An goge ta tas, ko ƙura babu. Ta ce aiko ta aka yi, ta kuma faɗi saƙon, kanta a sunkuye:

"Sun ce a mayar wa mai abu abinta. Sun ce duk ranar da za ki hau mota ki rataya ta, don kada a sake wahalar da bayin Allah. In kuma kika hau ba ita, motar duka za su tafi da ita."

Malam Jafaru ya kai maganar inda ya kamata, an ce ana dubawa, in rage fita. Na bar gidan Iya don kada in jawo mata, ina kwana inda ba zan rubuta a takarda ba. Ina jin tsoro, Yasmin, tsoro mai yawa. Abin da ya fi damuna shi ne labarin ya riga ya zaga tasha.

Ki riƙe min Fanta kamar yadda kika saba. Ki ce mata aiki ne ya yi yawa. Inna kuma ki ce mata ta sa ni a addu'a, kada ki ƙara komai a kai.

Ɗazu na je wurin Salmanu da tsohon hijabina da silifas, na roƙe shi ya ɓoye ni ko a tsakanin buhunan gero ne. Mutumin da bai taɓa karɓar ko sisi a kan saƙona ba ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce takarda zai iya ɗauka, ni ce ba zai iya ba. Na bi sauran direbobin ɗaya bayan ɗaya, kowa na hango ni sai ya shige mota ya ja ƙofa. Ban ga laifinsu ba, suna da iyali, fasinjojinsu ma haka.

Kada ki zo, kada ki turo kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki mai ƙaunarki,
Zuwaira.